Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955): Da wane mudu attajiri ke auna nasararsa?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai raba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaide shi da riƙon amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk inda aka ambaci sunan Alhaji Alhassan Ɗantata a ƙasar Hausa, abu biyu ne ke fara zuwa bakin mutane. Na farko shi ne labarin raƙuma ashirin ɗauke da kuɗin azurfa da ya kai banki a Kano a 1929. Na biyu kuwa shi ne dalar gyaɗa, wadda hotonta ya zama tambarin arzikin Arewa. Da waɗannan biyu jama'a suke auna shi, kuma da irinsu muke auna attajiranmu na yau: nawa ya tara, gida nawa ya gina, mota nawa ya jera. Amma kuɗin azurfa sun daɗe da fita daga hannun mutane, dalar gyaɗa kuma ta ɓace daga Kano shekaru masu yawa, sai ga shi sunan mutumin yana nan, gidansa yana tsaye. Wannan ya sa muka ga ya dace mu bi rayuwarsa daga farko, mu duba abin da shi kansa ya ɗauka a matsayin ci gaba a sana'arsa, sa'annan mu ɗora shi a kan ma'aunin Shari'a, domin amfanin magidanta da ɗalibai da duk mai riƙe da jari, babba ko ƙarami.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekarar 1877. Gidansu na Agalawa ne, wato zuriyar mutanen da kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Abzin suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, suka shahara da fataucin nesa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne ƙungiyoyi uku da suka riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Kakansa, Baba Talatin, shi ya kawo iyalin daga ƙasar Katsina zuwa Madobi. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa kuma, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

Alhassan yana ɗan kimanin shekara takwas mahaifinsa ya rasu. Mahaifiyarsa ta tashi ta koma Ankara, wadda take babban birnin ƙasar Gana a yau, ta bar shi da 'yan uwansa a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah aka sami laƙabin Ɗantata. Abin lura ne ƙwarai a ce mutumin da ya zama mafi arziki a zamaninsa bai amsa sunan kakansa attajiri ko na mahaifinsa madugu ba, sunan matar da ta raine shi a lokacin maraici shi ya bi shi, shi ne kuma zuriyarsa take ɗauke da shi har yau.

Abin da ya samu na gado bai ɗore ba. Ya shiga makarantar allo a Bebeji, ya ɗanɗani rayuwar almajirci, yana karatu yana ƙananan sana'o'i don ya ci ya sa sutura. Ana ruwaito cewa Tata ce ta koya masa tanadi da asusu tun yana yaro. Sa'annan yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano a 1893, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello, tsakanin magoya bayan Tukur da Yusufawa. Wutar ta shafi garuruwan fatake, har aka kama Alhassan da wasu 'yan uwansa, sai da aka fanshe su. Kafin ya cika shekara ashirin ya riga ya ga maraici, ya ga talauci, ya ga yadda dukiya da 'yanci suke kuɓucewa a dare ɗaya. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya ɗaukar abin da ke cikin rumbu a matsayin tabbas.

Makarantar hanyar Gwanja

Don mu fahimci irin tarbiyyar kasuwancin da ya samu, sai mun san mece ce hanyar Gwanja. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna da alfadarai da 'yan dako, ɗauke da turkudi da saƙi da kanwa da fatu, ya bi ta Jega ko Yawuri, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, har ya isa Salaga, inda ake sayen goron da ke fitowa daga dazuzzukan Asante. Zuwa da dawowa yakan cinye watanni masu yawa, wani lokaci ya kusa shekara. Madugu shi ne shugaban ayari, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, shi ke raba gardama, a wuyansa kuma rayuka da dukiyoyin jama'a suke. A kowane zango akwai fatoma mai saukar da baƙi da ajiye musu kaya, akwai dillali mai haɗa ciniki.

Irin wannan fatauci ba shi da kotun da za ta bi mutum daga Salaga zuwa Kano. Ana ba mutum kaya bashi a wannan gari, ya biya bayan wata shida a wancan. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa yakan riga shi isa zango na gaba, kuma ba zai sake samun mai ba shi kaya ba. Goro kuwa kaya ne mai son kulawa: sai an riƙa buɗe huhu ana tsince wanda ya lalace, ana sauya ganye, ana yayyafa ruwa, in ba haka ba ƙwaro ɗaya ya ɓata sauran. Saboda haka falke yakan tashi da ɗabi'u biyu, tsare alkawari da sa ido a kan ƙaramin abu.

Lokacin da Alhassan ya shiga harkar, tsohuwar hanya tana mutuwa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar garin, Turawa kuma suna mamaye ƙasashen ɗaya bayan ɗaya, har suka ci Kano a 1903. Ya tafi Ankara wurin mahaifiyarsa, amma ba ta zaunar da shi a kan dukiyarta ba, ta mayar da shi ga malami da neman na kansa. A can ya ga abin da da yawa daga tsofaffin fatake ba su yarda da shi da wuri ba: jirgin ruwa yana kai goro daga gaɓar tekun Gwanja zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki, a maimakon watannin da jaki yake yi. Ya kasance cikin Hausawan farko da suka rungumi wannan hanya. Ya faɗaɗa cinikinsa zuwa duwatsun ado da tufafin Turawa, yana kai wa yana kawowa tsakanin Ankara da Kumasi da Ikko da Kano.

Jirgin ƙasa da gyaɗa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga sufuri a 1912. Burin Turawan Ingila shi ne ƙasar Kano ta zama gonar auduga don masaƙun ƙasarsu. Manoma suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi: farashinta ya fi kyau saboda masana'antun man girki da sabulu na Turai suna nemanta, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, kuma idan shekara ta yi tsanani ana iya cin ta, abin da ba a yi da auduga. Gyaɗar da ake fitarwa daga Najeriya ba ta kai tan 3,000 a shekara ba kafin jirgi ya kankama, amma a 1913 ta haura tan 19,000.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jiragen ruwa, sai dai ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshe, manomi kuma bai yarda da su ba. Dole suka nemi tsofaffin fataken goro, masu yara a kowace kasuwa. Attajirai irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan sabuwar harka. Alhassan ya tare a birnin Kano, ya kafa gida a unguwar Sarari, kuma a wajejen 1918 ya fara saya wa Kamfanin Neja gyaɗa. Cikin 'yan shekaru, zuwa farkon shekarun 1920, ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano. Da aka haɗa kamfanonin Turawa aka kafa UAC a 1929, shi ne babban mai saya musu amfanin gona a Arewa. A wannan shekara ce ya kai kuɗin azurfan nan bankin Turawa da ya rikiɗe ya zama First Bank a yau.

Dalar gyaɗa da ake danganta farkonta da shi, asalinta dabara ce ta ajiya. Gyaɗa tana taruwa a kaka fiye da abin da jirgi zai iya kwashewa zuwa Ikko, sai aka riƙa jera buhuna a tsibi mai faɗin gindi da tsinin kai, dubbai a wuri ɗaya, a rufe da tamfol har layi ya zo kansu. Abin da baƙo yake gani a matsayin ado, a wurin mai kaya maganin ruwa ne da ƙwari da ɓarna.

Amana kafin riba

Idan muka tambayi abin da ya fifita Alhassan a kan tsararrakinsa, ba za mu ce jari ba, domin akwai waɗanda suka gaji fiye da abin da ya gada. Tsarin sayen gyaɗa gaba ɗayansa a kan bashi yake tafiya. Kamfani yana ba babban ɗan kasuwa kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa wakilansa, su kuma su shiga ƙauyuka da sikeli da buhu. Kuɗin yakan bi ta hannaye da yawa kafin ya dawo a matsayin gyaɗa. A irin wannan tsari, girman ɗan kasuwa shi ne yawan abin da za a iya danƙa masa a yi barci. Duk shekarar da ya cika alkawari, abin da za a ba shi a shekara mai zuwa yakan ƙaru. Raƙuman nan ashirin 'ya'yan wannan amana ne, ita ce ta riga su zuwa.

Wannan ya dace da tsarin da Musulunci ya shimfiɗa wa kasuwa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wadda take kusa da ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Akwai sura sukutum da aka sanya wa sunan masu tauye mudu, kuma an ba mu labarin mutanen Madyana, waɗanda Annabi Shu'aibu ya yi wa gargaɗi kan tauye awo har halaka ta same su. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi bayanin ƙiradi, inda wani ke kawo jari wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yarda, asara kuma ta hau kan jari muddin mai aiki bai yi sakaci ba. Sun yi bayanin salam, wato biyan kuɗi tun yanzu don kayan da za a kawo nan gaba, da sharaɗin a san nau'i da awo da lokaci. Duk waɗannan hukunce-hukunce manufarsu ɗaya ce, kada mai ƙarfi ya fake da duhun ciniki ya cinye mai rauni. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen neman abin kai, ya kuma ƙarfafa sana'a da kafa kasuwanni a garuruwan ribaɗi.

Mutanen da ya tsayar

Abu na biyu da rayuwarsa take nunawa shi ne yadda ya ɗauki yaransa na kasuwa. Ba shi yiwuwa mutum ɗaya ya sayi gyaɗar ƙasar Kano da maƙwabtanta da hannunsa. Alhassan ya gina jama'a: wakilai, da masu awo, da malaman lissafi, da masu jakuna da raƙuma, daga baya kuma direbobin manyan motoci. Tsarin gidan attajirin Hausa shi ne yaro ya fara da aike da dako, a gwada shi da ƙaramin jari, in ya riƙe a ƙara masa, maigida ya yi masa aure ya ba shi muhalli, har ranar da zai tsaya da ƙafarsa ya zama maigidan wasu. Gidaje da dama na 'yan kasuwa a Kano ta wannan hanya suka taso a ƙarƙashin inuwarsa.

Haka ya yi da 'ya'yan cikinsa. Bai bar su su tashi a matsayin 'ya'yan mai kuɗi masu jiran gado ba. Ya sa su karatun addini, ya tura su kasuwa tun suna ƙanana, kowanne ya koyi awo da lissafi da mu'amala da manomi. Alhaji Sanusi Ɗantata, wanda ya rasu a 1997, da Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina, duk daga wannan makaranta suka fito. Alhaji Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Mun san gidajen attajirai da yawa da dukiyarsu ba ta wuce arba'in ɗin mai ita ba sai ta watse a kotu. Gidan da ya kai zuriya ta huɗu yana ciniki, lalle an shuka wani abu a cikinsa da ya wuce kuɗi.

Abin da ya ci da abin da ya bayar

Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa mutum ne mai sauƙin rayuwa, mai tsantseni wajen kashe kuɗi a kan kansa, mai sa ido a kan lissafi har zuwa ƙaramin abu, ba mai son shagali ba. Tare da haka an san shi da sadakar Juma'a, da yanka dabbobi don rabawa mabuƙata a lokacin Salla, da ɗaukar nauyin mutane zuwa aikin Hajji a zamanin da tafiyar take cin watanni ko shekaru. Shi kansa ya sauke farali bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila.

A nan akwai bambanci da ya kamata ɗalibai su riƙe tsakanin tsimi da rowa. Mai tsimi yana ƙuntata wa son zuciyarsa don ya yalwata wa wasu, marowaci kuwa yana ƙuntata wa kowa don ya tara. Shari'a ba ta bar wannan ga ganin dama ba. Ta ɗora zakka a kan kayan ciniki, ɗaya cikin arba'in idan sun kai nisabi shekara ta kewayo. Malikiyya sun bambanta tsakanin ɗan kasuwar da kayansa ke juyawa kullum, wanda zai yi wa hajarsa ƙima a ƙarshen kowace shekara ya fitar, da wanda yake ajiye kaya yana jiran kasuwa, wanda zai fitar idan ya sayar. Ma'anar wannan ita ce, attajiri Musulmi yana da ranar lissafi a kowace shekara wadda tambayarta ta bambanta da ta akanta. Akanta yana tambayar abin da ya shigo. Zakka tana tambayar haƙƙin wa ya rage a cikin abin da ya shigo. Kuma ya tabbata a hadisi cewa a ranar Ƙiyama za a yi wa bawa tambaya biyu game da dukiyarsa, ta inda ya same ta da inda ya kashe ta, alhali rayuwarsa da iliminsa tambaya ɗaya ɗaya ce a kansu.

Magabata sun nuna mana wannan a aikace. Abdurrahman ɗan Aufu ya iso Madina ba shi da komai, ya ƙi karɓar rabin dukiyar da ɗan uwansa Ba'ansare ya miƙa masa, ya nemi a nuna masa kasuwa, ya yi arziki, ya kuma zuba shi a hanyar Allah. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Ba a tuna su da adadin abin da suka mallaka, ana tuna su da abin da dukiyar ta yi.

Iyakar da zamani ya ja masa

Adalci ya sa mu faɗi cewa Alhassan ya yi kasuwancinsa ne a cikin tsarin da ba shi ya tsara ba, kuma tsarin ba na adalci ba ne. A Turai ake yanke farashin gyaɗa. Kamfanonin Turawa su ke da jiragen ruwa da bankuna da kunnen gwamnati. Manomi kuma dole ya sayar a kaka, lokacin da farashi ya fi faɗuwa, saboda harajin da ake karɓa da kuɗin Bature. Da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, farashin gyaɗa ya zube, manoma da ƙananan 'yan kasuwa suka sha wuya ƙwarai. Ko shi Alhassan, duk da girmansa, an daɗe ana tsare masa hanyar fitar da kaya waje da kansa, aka bar shi a matsayin mai saya wa wasu. Daga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe cinikin, aka kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, wadda ta riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya tana tara rarar.

Saboda haka idan muka ga hoton dala, mu tuna cewa kowane buhu a cikinta gumin wani manomi ne da iyalinsa, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba. Ba mu da ikon yanke wa kowa hukunci a kan abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma ba mu ɗauke shi a matsayin ma'asumi ba. Abin da ya bayyana shi ne, a cikin wannan ƙuncin ya nuna ɗan ƙasa zai iya riƙe amanar dubban fam, ya tsara jama'a, ya yi gogayya da baƙi 'yan Labanan da Siriya da suka cika kasuwar, ba tare da ya bar addininsa ko garinsa ba. A ƙarshen rayuwarsa ya shiga majalisar Sarkin Kano a matsayin muryar 'yan kasuwa, ya kuma sa hannu a yunƙurin attajiran Kano na haɗa jari don kafa masana'anta tasu.

Rasuwarsa

A 1955 rashin lafiya ta kama shi. Da ya ji alamar ajali, ya tara 'ya'yansa da manyan ma'aikatansa, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, su riƙe zumunci, kada su bari kamfanin da ya kafa da sunansa da na 'ya'yansa ya wargaje. Allah Ya karɓi ransa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. A wannan lokaci ana lissafa shi a matsayin mafi arziki a Afirka ta Yamma. Damuwarsa ta ƙarshe, kamar yadda wasiyyar ta nuna, ita ce haɗin kan waɗanda zai bari da ɗorewar abin da mutane da yawa suke ci a ƙarƙashinsa.

Bayan shekara ashirin da rasuwarsa gyaɗar kanta ta durƙushe. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da komawar hankalin gwamnati kan man fetur, suka haɗu suka share dalar daga Kano. Gidan ya sauya sana'a, ya shiga gine-gine da sufuri da masana'antu da man fetur, ya ci gaba. Hajar da aka san shi da ita ta ƙare, tarbiyyar da ya bari ita ta ɗauki zuriyarsa zuwa wata hajar.

Abin da ya shafe mu

Wannan tarihi ba na Kanawa kaɗai ba ne. Layin dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kuma ta nan amfanin gonar ƙasar Zamfara da gabashin Sakkwato ya riƙa fita. Dattawan Isa da Sabon Birni da Kamarawa da Shinkafi sun san zamanin sikelin gyaɗa, haka ma 'yan uwanmu na Maraɗi a ƙetaren iyaka, inda Alhazan garin suka taso a kan wannan ciniki. Kasuwannin wannan yanki na Gobir sun rayu ne a kan yarda: a ba ka shanu ka kai kudu ka dawo da kuɗi, a ba ka hatsi bashi har kaka.

Yau wannan yanki yana cikin jarrabawar da kowa ya sani. An tashi ƙauyuka, an bar gonaki, hanyoyin kasuwa sun zama abin tsoro. A cikin irin wannan hali ne ma'aunin ɗan kasuwa yake fitowa fili, domin fitina tana buɗe ƙofofin riba mai sauri. Akwai dabbar da ake kawowa kasuwa da rabin kuɗinta, kowa kuma ya san dalilin arhar. Akwai mai da abinci da magani da ake biya ninki biyu idan za a kai su daji. Akwai hatsin da ake saye a kulle a lokacin da 'yan gudun hijira suke kwana da yunwa a makarantu da tashoshi. Wanda mudunsa shi ne abin da ya shigo aljihu kawai, zai ga duk waɗannan a matsayin dama. Amma sayen abin da aka san na sata ne haramun ne, taimakon azzalumi a kan zaluncinsa tarayya ne a cikin laifin, ɓoye abinci a lokacin tsanani don farashi ya hau kuma abu ne da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Kuɗin da aka samu ta nan ba ya zama halal don an gina masallaci da wani yankinsa.

Muna kira ga 'yan kasuwarmu, daga mai shago a bakin tasha har zuwa mai tireloli, su riƙa yi wa kansu lissafi a ƙarshen kowace shekara da tambayoyin da rayuwar wannan bawan Allah ta bar mana. Mutum nawa ne za su ba ni dukiyarsu ba tare da fargaba ba, sun ƙaru ko sun ragu? Yaro nawa na tsayar ya zama mai cin gashin kansa? Na fitar da zakkar hajata da lissafi, ko da ka na yanke? Akwai kuɗin da ya shigo mini wanda ba zan so a tambaye ni asalinsa ba? Idan na faɗi yau, 'ya'yana za su haɗu a kan sana'a ko za su haɗu a gaban alƙali? Iyaye kuma su kula da irin mutanen da suke yabo a gaban 'ya'yansu, domin yaron da ya ji ana kambama mai kuɗi ba a tambayar sana'arsa, ya riga ya koyi darasin da makaranta za ta sha wuyar gogewa. Ɗalibai masu shirin shiga kasuwa su fara da koyon babin ciniki a littattafan fiƙihu kafin su karɓi jari, kamar yadda suke koyon alwala kafin salla.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya saka wa Tata da alherin renon maraya. Allah Ya sanya albarka a kasuwanninmu, Ya tsare mu daga dukiyar haram, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir da Zamfara da sauran ƙasashen Musulmi, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu cikin aminci. Amin.